Farin Sausan a Ƙofar Sitti

A Bar Sudan aka fara yi mini wayo, a Jidda aka ƙarasa. Sunana Haladu, mutumin Hunkuyi, ɗan fadama gaba da baya. Albasa, tumatir, rake, babu wanda ban noma ba tun kafin in iya ɗaura mazagi. Abin da ya fitar da ni gida shi ne abin da ke fitar da kowa: in sauke farali, in kuma samo abin da zan koma da shi in ɗaga kai a gaban 'yan uwa. Lokacin ba a daɗe da gama yaƙi a ƙasarmu ba.

Wanda ya fara cin amanata Bahaushe ne, shi ya sa har yau abin yake yi mini ciwo. Na same shi a bakin tashar jirgin ruwa ta Bar Sudan, Hausarsa ta fi tawa daɗi, bai buɗe baki ba sai ya ce mini "ɗan uwa". Da ya ji ni mai lambu ne sai ya tafa hannu, ya ce ai na zo a daidai, yayansa na Jidda yana neman irina ruwa a jallo, zai aika masa ya tarye ni a bakin jirgi. Ladan wannan alheri shi ne babbar rigata ta saƙi, wadda mahaifiyata ta ce kada in sa sai ranar Arfa ta wuce. Na tuɓe na ba shi da hannuna, har da godiya.

A cikin jirgi na yi amai har na ga kamar hanjina zai biyo. Wata tsohuwa Babarbariya da ba ma jin yaren juna ta yanka lemon tsami ta tura mini a baki, ta dafa kaina kamar ɗanta. Ban san sunanta ba, amma ban taɓa barin ta a addu'a ba.

Da muka sauka Jidda na tsaya a bakin tasha da ƙullin kayana ina leƙen fuskar kowane baƙin mutum. Mutane suka watse, rana ta karkata, babu yaya babu dalilinsa. Nan na gane rigata ta tafi a banza.

Bayan aikin Hajji ban koma ba. Da me zan koma? Na shiga dako a tashar jiragen ruwa, buhun shinkafa da na siminti, ga zafin Jidda mai ɗanko da ba ya barin gumi ya bushe. Takardata ta alhaji ce, ta riga ta mutu, don haka da an ce "askar", wato 'yan sanda, sai ka ga ƙato ya yar da buhu ya shige bayan akwatuna. Wanda aka kama, jirgi ne zai mai da shi gida da kayan jikinsa. Muna kwana a ɗakin langa-langa mu da yawa, kowa da warin ƙafarsa. Amma ba wannan ya fi damuna ba. Garin ne babu kore. Ido ya yi ta yawo bai sami ganyen da zai huta a kai ba. Akwai ranar da gangar mai ruwan jaki ta yoye a kan hanya, na tsuguna kamar mai gyara takalmi, alhali ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa nake shaƙa. Na tashi idona ya kawo ruwa.

A unguwar Ammariyya Allah ya haɗa ni da Hajja Kaltume. Na gan ta a gaban mai kayan miya tana zaɓen albasa, wata dattijuwa mai jiki, ta yafa tobi irin na matan Sudan. Bakina da ba ya shiru ya ce, da Hausa, ba ma da ita nake ba:

"Wannan albasar an cika mata ruwa gab da cira. Ba za ta yi mako ba."

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ɗan wane gari ne, ya waladi?"

Na gaya mata. Ta ce ita a Sudan aka haife ta, kakanta ne ya fito daga ƙasar Sakkwato da ƙafa. Ta sa na zaɓa mata albasa, ta sa na ɗaukar mata kwando, a ƙofar gidanta ta ba ni tuwo da miyar kuka, irin wanda rabona da shi tun gida. Ina ci tana kallona. Da na siɗe kwano sai ta ce gidan da take dafa wa abinci suna neman mai lambu.

"Zan kai ka. Amma ka ji da kyau. Na tsufa a gidan nan ba a taɓa cewa Kaltume ta kawo abin kunya ba. Sunana zan ɗora a kanka."

Na ce, "Inna, in dai ƙasa ce da ruwa, ki kwantar da hankalinki."

Gidan yana can wajen unguwar Bani Malik, lokacin gidaje ba su haɗe ba. Maigidan attajirin yadi ne, ba ya zama, kullum yana kan hanya. Shi ya zama kafilina, wato mai tsaya mini, ya yi mini iƙama, takardar izinin zama, amma kowa ya san maganar gidan a bakin matarsa take, wadda muke kira Sitti, wato uwargida. Mutumiyar Sham ce, doguwa, ba ta ɗaga murya. Na san sarai ranar da Sitti ta ce halas, wato an gama, ranar iƙamata ta mutu, sai jirgi.

Lambun kuwa na tashe shi, wannan ba cika baki ba ne. Lalle, lemo, ɗoɗɗoya, da wani farin fure mai ƙamshi da suke sa wa a gashi, duk suka yi shar. Ruwan wanke-wanke ma ban bari ya tafi a banza ba. Sitti ta fara aiko mini da shayi. Kaina ya fara girma.

Abu ɗaya ne ya ƙi ni. A inuwar bango akwai jerin tukwanen ƙasa da Sitti ta fi ƙauna fiye da duk sauran. Sunan shukar da ke cikinsu sausan. Ganyensa faffaɗa ne mai tsini kamar takobi, yana fitowa a jere kamar mafici, saiwarsa kuma in ka gani za ka rantse citta ce. Ƙaninta ne ya kawo mata daga Sham. Da aka ce in sauya musu ƙasa, na binne saiwar can ƙasa yadda ake yi wa gwaza, na malala ruwa. Sitti ta sauko da kanta da lulluɓinta, ta sa na tone su duka. Ta nuna mini da yatsa, Hajja Kaltume na fassarawa: bayan saiwar a waje yake zama yana shan rana, jijiyoyi kawai ke shiga ƙasa, ruwa kuma kaɗan. Na yi yadda ta ce, amma a raina ina cewa yau ga macen da za ta koya wa ɗan fadama shuka.

Kowace tukunya da sunanta a wurin Sitti. Wannan furensa shunayya ne mai duhu, wancan sama ruwan zuma ƙasa ruwan hanta, na can shuɗi ne da farin baki. Ta ce waɗannan ba na daji ba ne, na haɗi ne, masu lambu ne suka yi ta barbarar wannan da wancan shekara da shekaru har aka sami launukan. Ta ce furen kunnuwa uku ne a tsaye, uku sun faɗo, kuma a kan waɗanda suka faɗo akwai gashi-gashi da suke kira gemu. Ni dai ina gyaɗa kai. Ban taɓa gani ba, don tun da aka kawo su Jidda ba su yi fure ko sau ɗaya ba. Sitti ta ce sanyi suke so, irin na duwatsu, kuma Jidda ba ta da shi.

Ban yarda ba. Na sa kashin awaki, na sa toka, na kai su inuwa, na mai da su rana. Ganye sai ƙara kyau yake, fure ko alama. Ranar Juma'a in na je wajen abokaina na tasha sai su yi ta yi mini tsiya, wai Haladu ya bar dako ya koma kiwon gadalin Balarabiya, in yi hankali kada wata rana ya yi mini magana. Ina dariya, amma abin na cina a rai. A fadamarmu babu shukar da ta taɓa ƙin hannuna.

Ana nan sai aka sa ranar 'yar gidan, Su'ada, ita kaɗai ce mace a wurin Sitti. Mijin ɗan wasu attajirai ne mutanen Halramautu ta ƙasar Yaman, masu ji da asali. Wata safiya Sitti ta tsaya a kan tukwanen ta daɗe, ta ce wani abu a hankali. Na tambayi Hajja Kaltume me ta ce.

"Cewa ta yi ranar nata auren, gidan ubanta cike yake da sausan. Ta so 'yarta ta ga haka."

Na bugi ƙirji na ce, "Za ta gani, Inna."

"Kai dai yi abin da aka sa ka," in ji ta. "Yalla, ɗauko mini gawayi."

Sanyin Jidda, in ma za a kira shi sanyi, yana gab da wucewa, na je kasuwar Bab Makka sayen igiya. A gefen hanya na ga wani mutumin Yaman ya shimfiɗa buhu, ya jera tsirrai da ya sauko da su daga duwatsu. Ina dubawa na ja birki don murna. Ganye kamar takobi, a jere kamar mafici, saiwa kamar citta. Kuma ga kara ya fito daga tsakiya, ga kan fure a dunƙule bai buɗe ba. Na tsuguna na tambaye shi sunansa da guntun Larabcina.

"Sausan," in ji shi.

Na ce masa na biki nake so, gidan amarya. Wallahi na faɗa, na kuma maimaita, har na yi masa alamar guɗa da hannu. Ya dube ni, ya dubi tsagar fuskata, ya yi wani ɗan murmushi ya ce, "Mabruk." Na kwashe duka, na biya daga albashina ban ko yi ciniki ba.

Ban gaya wa kowa ba, don so nake ya zama tukuicina ga Sitti. Na dasa su a tukwane yadda ta koya mini, bayan saiwa a waje, na ɓoye su bayan tankin ruwa inda ba mai zuwa sai ni. Da na farko ya buɗe na tsaya ina kallo baki sake. Ga kunnuwa uku a tsaye, ga uku sun faɗo, ga gemun da ta ce. Fari fat, da ƙamshi mai sanyi. Na lura bai yi launin da take lissafawa ba, amma sai na ce ai wannan ya ma fi. Mu a wurinmu wane launi ya kai fari? Da shi ake zuwa Idi, da shi ango ke fita.

Ranar da mata dangin ango za su kawo kaya, da la'asar za su zo. Gida ya kacame tun safe, Hajja Kaltume na kicin ba ta ko leƙo waje ba, Sitti na sama tana shirya 'yarta. Na share tsakar gida na yayyafa ruwa. Sannan na fito da tukwanena na jera su dama da hagu, tun daga bakin ƙofa har gindin matakala, duk sun buɗe. Na yi wanka na sa farar jallabiyata, na tsaya a gefen ƙofa na harɗe hannu a baya. Jiran yabo nake, ba zan ɓoye ba.

Motoci suka tsaya. Mata suka firfito da akwatuna a kan masu aiki, ana guɗa. Uwar ango ce a gaba, wata gajeriyar tsohuwa mai sanda. Ta sa ƙafa ɗaya a cikin gida, sai ta tsaya cak. Guɗar ta mutu daga gaba zuwa baya. Lokacin na fara jin Larabci daidai gwargwado, don haka na ji abin da ta ce sarai.

"Wa ya rasu a gidan nan?"

Ta nuna tukwanen da sandarta.

"Mun kawo kayan aure, an tare mu da maƙabarta."

Hajja Kaltume ta fito da gudu da ludayi a hannu. Tana ganin furannin ta ɗora hannu a ka. Ta matso kusa da ni ta yi magana ƙasa-ƙasa da Hausa.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Inna. Sausan ne."

"Furen kabari ne, Haladu. A ƙasarsu da ƙasar Sitti a kan kabari kaɗai ake shuka farin nan."

Na ce, "Kabari kuma? Wa ke shuka fure a kabari?" Don mu a gida itace ne da fasasshiyar tukunya da ƙasa, a Jidda ma ban taɓa ganin ko ciyawa a maƙabarta ba.

Ta ce, "Ka ɗauka ranar auren ƙanwarka wani ya jera makara tun daga zaure har ƙofar ɗakin amarya."

Sai a lokacin na gane. Na ji kamar an kwara mini ruwan zafi tun daga ka. Ga ni tsaye cikin farar riga, ƙato da ni, a gaban mata sun fi a ƙirga, ina so ƙasa ta tsage in shige.

Uwar ango ta tambayi wanda ya jera su. Idanu suka juyo kaina. Wata daga cikin matan ta ce ai takaruni ne, baƙin mutumin ƙasashenmu, su dama an san su da sihiri, biyansa aka yi ya ɓata auren. Maganar ta bi bakuna. Tsohuwar ta ce ba za ta taka gidan ba sai an kira askar an miƙa ni. Mai iƙama ma in aka jefe shi da sihiri a garin nan, in ya sami jirgin gida ya yi sa'a. Na tuna tsiyar abokaina ta gadali, ban ji dariya ba.

Sai ga Sitti ta sauko. Ta tsaya a matakala ta ƙarshe ta dubi jerin furannin daga nan har ƙofa. Na ga fuskarta ta sauya, ta riƙe ƙarfen matakala. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Ta taka a tsakiyarsu har gaban uwar ango, ta gaishe ta, sannan ta ce:

"A gidana aka dasa su, da ruwana aka shayar da su. In da laifi nawa ne, ba na mai aiki ba. Uwata na kwance a Sham ƙarƙashin irin wannan, ba ta ga jikarta ba. Ku ɗauka ita ce ta zo biki."

Tsohuwar ta ce wannan ba al'adar mutanen kirki ba ce. Sitti ta ce ta ji, ta kuma ba da haƙuri. Matar da ko maigidanta ban taɓa jin ta ba wa haƙuri ba, ta sunkuya ta sumbaci kan tsohuwar nan a gaban kowa. Da ƙyar aka shawo kanta, bisa sharaɗin a kwashe furannin kafin ta shiga. Sitti ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Haladu, fitar da su ta ƙofar baya."

Haka na yi ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, in zagaya bayan gida in dawo, mata na tsaye a titi suna kallona, ƙasa na zuba a farar rigata. Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin tukwanen nan ba, har da simintin tasha.

Washegari na je Bab Makka raina a ɓace, na yi niyyar in shaƙe mutumin nan ko me zai faru. Na same shi yana shan shayi. Na zazzage masa duk Larabcin da na iya, na cike da Hausa. Ya bari na gama, ya ɗaga kafaɗa ya ce sausan na tambaya, sausan ya ba ni. Mutane suka fara taruwa, na tuna ni baƙo ne, na juya ina huci. Furannin na zubar da su a juji. Ɗaya ne hannuna ya kasa, na tura shi a gwangwanin man shanu na ajiye bayan ɗakina.

An yi biki, an kai amarya. Ni ina jiran a ce halas. Hajja Kaltume ta daina yi mini magana, sai dai ta turo kwanon abinci da ƙafar kujera ta juya. Wannan ya fi mini zagi ciwo. Daga bakin direban gidan na ji sauran: dangin ango sun baza a gari cewa matar attajirin yadi ba ta da cikakken hankali, ta tari surukai da furen matattu. Gidajen da ake ba ta kujerar gaba suka daina aiko mata. Su'ada kuma duk ranar da ta yi kuskure a gidan miji sai an tuna mata 'yar wace ce. Duk wannan a kan abin da Sitti ba ta sani ba, ba ta gani ba.

Bayan kwanaki ta aiko in zo wajen tukwane. Na je, na riga na ɗaure kayana. Hajja Kaltume na tsaye a gefe fuska a murtuke. Sitti ta ce:

"An ce ka bar ɗaya. Kawo shi."

Na kawo gwangwanin. Ta sa na ajiye shi kusa da nata, ta ce in tsuguna in duba. Nata ganyen dogo ne, kore sosai, ya miƙe tsaye, gindin wasu da ɗan ja-ja. Nawa gajere ne, ya fi faɗi, launinsa kamar an barbaɗa masa toka, bakin ganyen kuma ya ɗan lanƙwaso ciki. Ta ce na haɗi karansa dogo ne yana yin rassa, kowane reshe da furensa. Na kabari karansa gajere ne, furen a manne da kara yake fitowa. Ta ce akwai fari a cikin na haɗi ma, don haka ba launi kaɗai ake dubawa ba, ganye da kara ake fara tambaya. Ta ce na kabarin ba ya yin iri ko kaɗan, duk inda ka gan shi hannun mutum ne ya tsinko saiwa daga wani kabari ya kai wani.

Duk abin da ta nuna a fili yake. Shekara biyu ina shayar da nata safe da yamma, da na tsaya na duba da kyau a Bab Makka da na ga bambancin. Ni da nake cewa ina gane albasar da aka cika wa ruwa daga nesa.

Na ce, "Sitti, ki yafe mini. Alheri na nufa."

"Na sani," in ji ta. "Shi ya sa kake nan. Mai da shi inda yake, kada in ƙara ganinsa."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Ba ta kore ni ba, ba ta rage mini ko abinci ba, shayi ma bai daina zuwa ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Hajja Kaltume sai da azumi ya zo ta huce, ta miƙo mini dabino ta ce, "Karɓi, mai lambun sarki." Daga ranar sunan ya bi ni.

Na ƙara shekaru a gidan. Na yi aure a cikin Hausawan Ammariyya, na aika gida da abin da ya sawwaƙa, har mahaifiyata ta zo ta sauke farali a hannuna. Duk wannan a kan iƙamar da Sitti ta saya mini da mutuncinta. Sausan ɗinta bai taɓa yin fure ba har ƙarshe. Nawa na gwangwani kuwa ya ƙi mutuwa, wata shekarar ya yi fure ɗaya, wata ya ƙi. In ya yi sai in kifa masa kwando.

Sitti ta rasu da zafi, bayan gajeriyar jinya. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta. Aka sa ta a ƙasar Jidda mai gishiri, aka ajiye dutse ba suna, muka juyo. A nan ba a shuka komai a kabari, mata ma ba sa shiga. Ina tafe ina tuna uwarta can a Sham da farin fure a kanta.

Ana cikin zaman makoki Hajja Kaltume, wadda lokacin sai da sanda, ta zo ta ce Su'ada na kirana. Tun ranar nan ban yarda mun haɗa ido ba, in ta zo gida da 'ya'yanta sai in sami aiki a bayan tanki. Na tsaya a bakin labule na yi mata ta'aziyya. Ta amsa, sannan ta ce:

"Ammu Haladu, farin nan, akwai saura?"

Na ce akwai guda, amma bana bai yi fure ba, ganye ne kawai.

"Kawo mini."

Na je na ɗauko gwangwanin, ya yi tsatsa har gindinsa ya fara cinyewa. Na rufa masa buhu don gidan cike yake da masu gaisuwa, har da dangin mijinta. Na zagayo ta ƙofar baya, na tarar da ita tsaye a can tana jirana. Ta ɗaga buhun, ta sunkuya, ta bi bakin ganyen da yatsa inda ya lanƙwaso, ta shafa tokar jikinsa.

"Shi ne," in ji ta.

Na miƙa mata. Ba ta karɓa ba. Ta janye buhun gaba ɗaya ta ninke shi ta riƙe.

"Ba ta wannan ƙofar ba. Koma ka shigo da shi ta ƙofar gaba."

Na zagaya ta titi da gwangwani a ƙirjina. Mutane na zaune dama da hagu tun daga bakin ƙofa har gindin matakala. Na shiga ta tsakiyarsu, kaina a ƙasa, na ajiye shi a matakala ta ƙarshe.